Wace kalma za mu ba covenant a Hausa?

1/ 'Yan uwa, kalmar covenant da Turawa ke amfani da ita a ilimin addini, wato alkawarin da ke tsakanin Allah da bayinsa, tana bukatar suna tsayayye a Hausa. Ita ce misaƙi a Alƙur'ani, berit a Ibrananci.

2/ Mun saba da alkawari. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da shi ya raba sassansa biyu: Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ba laifi. Sai dai alkawari ya yi faɗi, don tela ma yakan yi alkawarin ɗinkin Sallah.

3/ Abin da ake nufi ya fi haka nauyi. A Farawa, littafin farko na Tsohon Alkawari, sura 15, Annabi Ibrahim tsaga dabbobi ya yi gida biyu, shi ya sa a Ibrananci "yanka" berit ake yi. A sura 17 aka sa kaciya ta zama shaidarsa, kuma har gobe Yahudawa ranar takwas suke yi wa ɗa namiji. Kiristoci sun ɗauki sabon alkawarin Irmiya 31:31 suka haɗa shi da jinin Almasihu, kamar yadda ya zo a Luka 22:20. Mu kuwa Musulmi namu ya riga haihuwarmu: A'araf 172, da Allah Ya tambayi zuriyar Adamu ko ba Shi ne Ubangijinsu ba, suka amsa. Sai na Bani Isra'ila da aka ɗaga dutsen Ɗuri a kansu, Baƙara 63.

4/ Yarjejeniya ba ta yi ba, ta tsara da tsara ce. Mubaya'a daga ƙasa take zuwa sama, alhali nan Ubangiji ne ke farawa.

5/ Ni na tsaya kan ɗaurarren alkawari. Tushen misaƙi a Larabci ɗauri ne, daga nan aka samo wasaƙ, igiyar ɗaure kamamme. Alƙur'ani a Nisa'i 21 ya kira aure misaƙi mai kauri, lafazin da ya yi wa alkawarin annabawa a Ahzab 7. Bahaushe kuwa ɗaura aure yake yi, gaban shaidu, da haƙƙi a wuyan kowa.

6/ Sai mu ce ɗaurarren alkawarin Sina'i (dutsen Ɗuri), ɗaurarren alkawarin annabawa. Malamai da fastoci, ku gwada ta a wa'azi ku faɗa mana ko ta zauna a baki.