Wai girafayit ne ya ci Chanobil?

Ɗan Zariya: Ni fa ina nan kan bakana, duk tashar nukiliyar da aka jibga wa girafayit a ciki bam ce ake kwana da ita. Ɗan uwan gawayi ne fa, irin baƙin nan na tsakiyar fensir. Ku tuna fashewar tashar Chanobil 26 ga Afrilu 1986, wajen kwana 10 tana aman hayaƙi mai guba

Injiniya: Haba malam, ka ɗora wa jaki laifin mai kaya. Shi girafayit aikinsa rage wa niyutiron (ƙananan ƙwayoyin da ke rura wutar nukiliya) gudu ne kawai, matsalar RBMK, wato irin tukunyar nukiliyar Sobiyet da ke Chanobil, haɗin da aka yi ne, shi yana rage gudu ruwa yana sanyayawa kuma ruwan yana shanye wasu niyutiron ɗin, to da ruwan ya tafasa ya zama tururi sai wuta ta ƙaru maimakon ta lafa. Ga sandunan kashe tukunyar su ma akwai girafayit a ƙasansu, da aka danna maɓallin kashewar gaggawa AZ-5 sai ya zama kamar direba ya taka birki mota ta ƙara gudu. Kuma ko ginin kankare mai killace ta babu

Ɗan Zariya: To Windscale ta Ingila a 1957 fa? Ita ma Sobiyet ce? Har madarar shanun yankin sai da aka zubar

Injiniya: Waccan iska zalla ake hura mata, fulutoniyom na bam ake dafawa cikin gaggawa. Maƙwabciyarta Calder Hall, ita ma mai girafayit, da ake sanyayawa da iskar kabon dayokzayid ta yi aiki daga 1956 har 2003

Anti Malama: Injiniya kar ka wanke shi tas dai. Tsufa na cinsa, tubalansa na tsagewa, abin da ya sa aka rufe Hunterston B a Sukotland a 2022 kenan, kuma ba a iya canza su

Injiniya: Wannan gsky ne anti, amma ai dubawa aka yi aka gani aka rufe lafiya lau. Fukushima ta 2011 kuma ruwa ne mai rage gudun, babu girafayit, ta narke

Ɗan Zariya: In lafiya ne me ya sa Tarayyar Turai ta tilasta wa Lituwaniya rufe Ignalina?

Anti Malama: Ita ma RBMK ce ai, ka dawo inda aka faro 😂 Ita kuwa Sin sabuwa ta kunna a Shidao Bay a 2021, ta fara cikakken aiki a 2023, ƙwallayen girafayit da iskar hiliyom

Ɗan Zariya: Su kunna, ni dai ba zan kama haya a unguwar ba wlh