Kalmomin Turanci masu kama da juna a takardun kasuwa

Ɗan Agege: Assalamu alaikum malamai. Mu masu rubuta rasit da takardar neman kwangila a nan Legas, mene ne bambancin advice da advise, lose da loose, da kuma stationery da stationary? Kwamfuta ba ta ja musu jan layi, amma a ofis sai a maido da takarda a ce a gyara.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za ta ja ba, don kowacce kalma ce ingantacciya. Haruffa take dubawa, ba ta san abin da kake nufi ba. Advice suna ne, shawarar kanta: "thank you for your advice". Advise aikatau ne, ba da shawarar: "please advise us". Ko a baki sun bambanta, ta farko da sautin s take ƙarewa, ta biyu da z. Ƙa'idar nan ta c ga suna, s ga aikatau, ita ce a licence da license, da practice da practise, a Turancin Ingila da makarantunmu suke bi. Amurkawa kuwa license suke rubutawa ko'ina, practice ma haka. Idan kwamfutarka tana kan Turancin Amurka, za ta ce licence kuskure ne alhali daidai ka rubuta, saboda haka ka sauya mata harshe tun kafin ka fara.

Alhajin Apapa: Malama ta yi bayani. Lose, mai o ɗaya, shi ne ɓatar da abu ko yin asara. In ya riga ya faru a ce lost, asarar kanta kuma loss. Loose, mai o biyu, sako-sako ne: noti ya kwance, riga ta yi yawa. A tashar jirgin ruwa loose cargo kaya ne da ba a zuba cikin kwantena ba, to ka ga "we will loose the goods" a wasiƙa ga kwastoma ba ƙaramin zubar da ƙima ba ne.

Mai Ɗab'i Shomolu: Yallabai, stationery mai e shi ne kayan rubutu: takarda, biro, ambulan. Ka riƙe e ɗin envelope. Stationary mai a kuma abin da ya tsaya cak, kamar tirelolin hanyar Apapa zuwa Oshodi. Kuskuren musanya su a allunan shaguna ya fi yawa. Kafin a buga maka littafin rasit, ka nemi samfur guda a takarda, ka bi kalmomin da biro ɗaya bayan ɗaya. Da zarar an yi farantin da injin ɗab'i zai buga da shi, gyaran daga aljihunka zai fito.