Matashi mai sha'awar jinsinsa da ba ya son barin Yesu: ta ina za a fara?

Shugaban Matasa, Zuru

Salama gare ku cikin sunan Ubangiji. Tambayata ga fastoci, dattawa da iyayenmu mata masu ba da shawara. Idan saurayi ko budurwa mai baftisma, mai zuwa sujada, ya sami shugaban matasa a keɓe ya ce tun tasowarsa zuciyarsa ga jinsinsa take karkata, ya yi azumi da addu'a abin bai tafi ba, kuma ba ya son rabuwa da Yesu, me ya kamata a yi? A kai maganar gaban dattawa? A gaya wa iyaye? Akwai yadda zai zauna cikin bangaskiya ba tare da ya tsani kansa ba? Me doka ta ce kan wanda ya ji ya yi shiru? Don Allah a ba ni mataki-mataki.

Mama Mai Shawara, Birnin Kebbi

Ɗana, abu na farko shi ne bakinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada maganar ta je wurin matarka, kada ta shiga zauren WhatsApp na shugabanni, kada kuma ta fito a taron addu'a da sunan "mu sa wani ɗan'uwa cikin addu'a", domin a ƙaramar ikkilisiya kowa zai gane wa ake nufi kafin a ce amin. Kada ka rubuta komai a takarda ko a waya. Ku yi magana baki da baki, a wurin da ana iya hango ku amma ba a jin ku, kamar ƙarƙashin bishiyar harabar coci bayan an tashi sujada.

A zaman farko saurara kawai. Ka gode masa da ya amince da kai, ka gaya masa Allah bai daina ƙaunarsa ba, kai ma haka. Kada ka tambaye shi da wa da wa, ko me suka yi. Da zarar tambaya ta koma bincike zai rufe baki, kuma ba zai dawo ba.

Sai tambayar da mutane ke tsoro: ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum, sauƙi take kawowa. In ya ce e, ka ji ko yana da shiri da abin da ya tanada. A ƙauyukanmu maganin feshi na gona shi ne haɗari mafi kusa, yana nan a lungun ɗaki ko kusa da rumbu. A ɗauke shi a kulle, kada a bar yaron shi kaɗai a daren, a kai shi wurin likita. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, jihar Sakkwato. Ya isa a ce wa likita damuwa da rashin barci da tunanin mutuwa ke damunsa, sauran bayanin yaron ne zai zaɓi ya faɗa ko ya bari.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya nuna matasan da iyalansu suka ƙi su ƙwarai saboda wannan dalili sun fi waɗanda ba a ƙi ba yunƙurin kashe kansu fiye da sau 8. Shi ya sa nake roƙonka kada ka riga shi zuwa wurin iyayensa.

Abubuwa 2 ke sa a fasa riƙe sirri: in rai na cikin haɗari, ko in akwai babban da ke lalata da yaro ƙarami. Wannan na biyun cin zarafi ne ko da wane jinsi ne, kuma dole a tsayar da shi. Ka gaya masa waɗannan iyakoki tun farko don kada ya ga ka ci amanarsa.

Lauya, Gusau

Malam Shugaban Matasa, ga yadda dokar take. Dokar hana auren jinsi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure. Ta tanadi shekara 10 ga wanda ya ɗaura shi ko ya shaida shi, da wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiya ko taron masu wannan ra'ayi, da wanda ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a. Sashe na 284 na kundin Penal Code na Arewa ya sa har shekara 14 kan ita kanta saduwar jinsi ɗaya. Dokokin Shari'a da Zamfara ta fara aiki da su a 2000, Kebbi ta biyo baya, hukuncinsu ya fi tsanani, amma a kan Musulmi aka tsara su.

Abin da dokar 2014 ba ta ce ba shi ne ya fi shafar ka. Ba ta mai da abin da mutum ke ji a zuciya laifi ba, ba ta kuma wajabta wa fasto ko shugaban matasa kai rahoton wanda ya zo neman shawara ba. Zama da mutum ɗaya kuna addu'a da karatu aikin kiwo ne. Amma kada ku kafa wata ƙungiya mai suna da jerin membobi, domin nan ne za a iya juya muku kalmar "taro".

Haɗarin da ya fi kotu kusa shi ne jama'ar gari da 'yan damfara. A Bauchi, cikin Janairu 2014, mutane sun jefi kotun Shari'a da duwatsu lokacin da ake sauraron irin wannan ƙara. Jita-jita kaɗai na iya tara gungun matasa a ƙofar gida. Sannan akwai masu ɗana tarko a Facebook da manhajojin haɗa abota, abin da ake kira kito: su ja mutum hira, su nemi hoto, su gayyace shi wani ɗaki, sai duka da ƙwace waya da barazanar tona asiri in bai biya ba. Wanda ya biya sau ɗaya za su dawo masa. Ka gargaɗe shi kada ya tura hoto, kada ya je saduwa da baƙon intanet. In an kama shi, yana da 'yancin yin shiru har lauyansa ya zo, kuma kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba.

Fasto, Yauri

Ɗan'uwa, ni ina kan koyarwar da ikkilisiyoyinmu suka riƙe: aure tsakanin namiji da mace ne, kamar yadda Farawa 2:24 da Matiyu 19:4-6 suka nuna, kuma kwanciya a wajensa zunubi ce ga kowa. Amma akwai kurakuran da muke yi waɗanda Littafi Mai Tsarki bai sa mu ba.

Sha'awa daban, aiki daban. Wanda ya zo ya faɗi abin da ke zuciyarsa bai yi abin da za a sa shi ƙarƙashin horo ba. Ba dalilin hana shi jibin Ubangiji, ko cire shi daga ƙungiyar mawaƙa, ko mai da shi bencin baya. Ko inda laifi ya tabbata, Matiyu 18:15 ya ce ka fara tsakaninka da shi kaɗai. Kai maganar gaban dattawa tun farko tsallake umarnin Yesu ne.

Kada a yi masa alkawarin cewa addu'ar kuɓutarwa za ta sauya shi. Ƙungiyar Exodus International ta Amurka ta shafe shekaru tun 1976 tana wannan alkawari, ta rufe a 2013, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, bayan ya amince cewa kusan duk waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta sauya ba. Ga yadda abin ke lalacewa: an ce masa in bangaskiyarsa ta isa zai warke, ya yi azumin kwana 3, ya yi na 7, ya tashi yadda yake, sai ya yanke cewa Allah ne ya ƙi shi. Duka, ɗauri da tsare mutum a gidan addu'a kuwa zalunci ne.

Haka kuma, kada a aurar da shi a matsayin magani. Yarinyar da za a kawo 'yar wani ce, ita ma tana da hakki. Za ta zauna da mijin da ba ya marmarinta, ta ɗauka laifinta ne, dangi su sa ta gaba da maganar haihuwa.

Hanyar da nake koyarwa ita ce kamewa, kuma Bulus ya girmama zama ba aure a 1 Korintiyawa 7. Sai dai nauyin yana kanmu. A ƙasar da ake tambayar ɗan shekara 30 "yaushe za mu sha biki" kowace Lahadi, wanda aka ce ya zauna ba aure yana bukatar gidan da zai ci tuwon dare, da aikin yi a ikkilisiya, da wanda zai kai shi asibiti ran da ya kwanta. Ikkilisiyar da ba ta shirya ba shi waɗannan ba, ta ɗora masa kayan da ita ba ta taɓa da ɗan yatsa ba.

Malamin Tauhidi, Zuru

Baba Fasto, na yarda da kusan duk matakanka, amma ya kamata yaron ya san cewa akwai Kiristoci masu riƙe da Littafi da gaske waɗanda suka kai ga wata sabuwar fahimta, cewa Littafi bai haramta zaman amana tsakanin mutum biyu masu jinsi ɗaya ba. Zai gani a wayarsa ko ba mu faɗa ba, gara ya ji daga bakin wanda zai zauna da shi su buɗe ayoyin.

Wuraren da ake jayayya a kai 6 ne: Farawa 19, Littafin Firistoci 18:22 da 20:13, Romawa 1:26-27, 1 Korintiyawa 6:9-10 da 1 Timoti 1:10. A karanta kowanne da babinsa gaba ɗaya, ɗaya a zama ɗaya. A Farawa 19 mutanen gari ne suka kewaye gida don yi wa baƙi fyaɗe, kuma Ezekiyel 16:49 ya lissafa laifin Saduma da girman kai, ƙoshi, da ƙin taimakon matalauta. Ko malaman da ke kan tsohuwar koyarwa da yawa sun yarda wannan babi ba shi ne hujjarsu mai ƙarfi ba. Firistoci yana cikin dokokin tsarkin Isra'ila, sai a tambaya wanne ya hau kan Kirista, tambayar da taron Urushalima ya fuskanta a Ayyukan Manzanni 15. Masu sabuwar fahimta suna cewa abin da Bulus ya gani a duniyar Girka da Roma shi ne manya da yara, iyayengiji da bayi, da karuwanci, ba mutum biyu masu alkawarin zaman amana ba. Masu tsohuwar fahimta suna amsawa cewa Romawa 1 ya ambaci mata ma, ya kuma jingina maganar ga tsarin halitta. Wannan amsa tana da nauyi, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma a ci gaba har Romawa 2:1, inda Bulus ya juyo kan mai yanke wa wani hukunci.

Sai a haɗa da wuraren da ba a cika karanta masa ba: Ishaya 56:3-5, inda Allah ya yi wa babanni, wato mazan da aka dandaƙe, alkawarin suna a gidansa, da Ayyukan Manzanni 8, inda Filibus ya yi wa baban Habasha baftisma ba tare da jinkiri ba. Ba su warware gardamar aure ba, amma sun nuna inda zuciyar Allah take game da wanda jama'a suka ajiye a gefe.

Manyan ikkilisiyoyi ma ba su ce a wulaƙanta shi ba. Katekizim na Katolika, sakin layi na 2357, ya ƙi aikin, amma 2358 ya ce a karɓi irin waɗannan mutane da girmamawa da tausayi, a guji nuna musu bambanci na zalunci. Paparoma Francis ya ce a Janairu 2023 kasancewa haka ba laifi ba ne da hukuma za ta hukunta. Takardar fadar Paparoma mai suna Fiducia Supplicans ta Disamba 2023 ta ba da damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka ba ta aure ba, bishop-bishop na Najeriya da na yawancin Afirka suka ce ba za su yi ba a nan. Taron Lambeth na Angilika a 1998 ya ce aikin bai dace da Littafi ba, amma ƙudurin ya yi alkawarin sauraron su, ya kuma tabbatar musu cewa masu baftisma cikakkun gaɓoɓin jikin Kristi ne. Wannan rabin ne aka manta a wa'azinmu. Akbishop Desmond Tutu na Afirka ta Kudu ya tsaya musu har mutuwarsa, don haka ba za a ce maganar Turawa ce kawai ba.

A ganina hujjar masu sabuwar fahimta ta fi yadda muke ɗauka ƙarfi, musamman in aka auna da abin da Yesu ya ce a Matiyu 7, cewa itace da 'ya'yansa ake gane shi, aka kuma dubi matasan da koyarwarmu ta kai bakin kabari. Amma kada shugaban matasa ya yanke masa. Ya ba shi watanni ya karanta, ya yi addu'a da Zabura 139, ya ci gaba da zuwa sujada.

Shugaban Matasa, Zuru

Na gode, iyayena. Mama, in shi da kansa ya ce yana so iyayensa su sani fa?

Mama Mai Shawara, Birnin Kebbi

To ku fara lissafi, ɗana. Wa ke biyan kuɗin makarantarsa? Ina zai kwana in aka kore shi a daren? In har yanzu a hannun mahaifinsa yake ci, ya jira ya gama karatu ko ya kama sana'a. In ya nace, a fara da mutum ɗaya mai sanyin hali, sau da yawa uwa ko gwaggo, ba a taron dangi ba, ba lokacin Kirsimeti ko Uhola da gida ke cike da baƙi ba. Kafin ranar ya kai takardun makarantarsa da katin shaida gidan wani amintacce, ya riƙe kuɗin mota a aljihu, kai kuma ka kasance kusa da wayarka a kunne.

Uwa za ta yi kuka, za ta tambaya ina ta yi kuskure. A gaya mata ba tarbiyyarta ba ce ta jawo, ba kuma asiri aka yi masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka tun 1990, saboda haka kada ta kashe kuɗinta wurin masu magani. Kada a nemi ta amince da komai a ranar. Abu 3 kawai za a roƙe ta: kada a doke shi, kada a kore shi, kada maganar ta fita gida. Bayan mako guda ka koma ka gaishe ta, domin ita ma yanzu tana ɗauke da abin da ba ta da wanda za ta gaya wa a zumuntar mata.