Kuɗi ne ke hana sabbin likitoci zaɓar ƙananan asibitoci?

Malam Sani: Ni dai maganata ɗaya ce: kuɗi ne. Yaro ya yi shekara shida a jami'a, ɗaya ta sanin makamar aiki, ɗaya ta hidimar ƙasa, ga iyaye sun zuba ido. Dole ya nufi tiyata ko fannin mata da haihuwa, ko ya tsallaka Ingila ko Saudiyya. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan.

Dakta Hauwa: Malam, kuɗi na ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. A asibitin koyarwa muka tashi, kullum safe muna bayan manyan ƙwararru ana zagayen gadaje. Zaman ƙauye kuwa 'yan makonni ne. Ɗalibi abin da ya gani shi yake sha'awa. Ranar da na ce likitancin iyali zan yi, wani malaminmu ya ajiye biro ya ce, "Ke da kike da ƙoƙari?" Har yau maganar nan na yi mini ciwo. Alhali hawan jini da ciwon suga da matsalolin juna biyu, a hannunmu ake tare su kafin su ƙazanta.

Usman: Anti Hauwa, ina ajin ƙarshe, kuma ina son fannin. Amma ina gurbin? Ƙananan asibitoci yawanci jami'an lafiyar al'umma ke riƙe da su, ba a cika ɗaukar likita ba.

Hajiya Binta: Gaskiyarka, ɗana. Shekarata 14 a irin asibitin. Na karɓi haihuwa da fitilar waya, na ɗora mace tana zubar da jini a bayan babur zuwa babban asibiti. Likitan hidimar ƙasa da aka turo mana, ɗakin kwana ma bai samu ba.

Malam Sani: To ai kun dawo kan maganata, Hajiya. Ɗaki da wuta duk kuɗi ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. A sa ido a kansu.

Dakta Hauwa: A sa ido, na yarda. Amma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ƙwararren likitan yara ne, da ya zama minista a 1985 ƙananan asibitoci ya sa a gaba. Irin waɗannan malaman muke nema a gaban ɗalibai. Usman, zo asibitinmu ranar Litinin ka wuni tare da ni.