"Jiki magayi": gargaɗi ne ko bayani?

Ɗan Kafinta: Assalamu alaikum. Shekaranjiya sartse ya shige mini yatsa, na zare na ci gaba da aiki. Washegari wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, sai zogi. Kakata ta duba ta ce "jiki magayi." Ni a sanina mai kunnen ƙashi ake faɗa wa haka. To me na yi?

Baba Mai Carbi: Wa alaikumus salam. Yaro, saninka daidai ne. Wanda aka hana bai hanu ba, ranar da wuya ta same shi jikinsa ne zai gaya masa. 'Yar'uwarta ita ce "in kunne ya ji, jiki ya tsira." Tsohuwa faɗa take maka, ba ka wanke ciwon ba.

Malamar Asibiti: Baba, a gafarce ni, ina ganin maganar ta fi gargaɗi faɗi. Jiki yana da masu kai labari na gaske. Da sartsen nan ya huda fata, ƙwayoyin halittar wurin suka saki wani sinadari mai suna histamin, ƙananan jijiyoyin jini suka buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Zafin da kumburin ke nan. Sannan suka saki wasu sinadarai da ake kira kemokain, irin su IL-8, waɗanda aikinsu kiran fararen ƙwayoyin jini.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda niyutirofil, farar ƙwayar jinin da ke fara isowa, take tsayawa alhali jini yana gudu da ita. Bangon jijiyar yana fito da wasu sinadarai da ake kira selektin, masu ɗan kama ta suna saki, sai ta riƙa mirginawa a hankali. Da ta ji kemokain, sai wasu sinadaran mannewa da ke jikinta, da ake kira integirin, su manne wa bangon gam. Daga nan ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bangon ta fita, tana bin inda sinadarin ya fi yawa, kamar mai bin ƙamshin suya har gindin tukuba. Mugunyar da za ka gani, yawancinta gawarwakin niyutirofil ne. Akwai jariran da ake haifa da nakasar integirin: cibiyarsu kan yi jinkirin faɗuwa, ciwonsu ba ya tara mugunya, domin kiran yana isa amma ƙwayoyin ba sa iya fitowa.

Ɗalibi Daga Zariya: Malama, ƙaya ma ta taɓa kafa tarihi. A 1882, a Messina ta Italiya, masanin kimiyya Metchnikoff ya soka ƙayar furen wardi a jikin jinjirin wata halittar teku mai siffar tauraro, da safe ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dandazo. Ya samu kyautar Nobel a 1908. Amma ni "ruwa ba ya tsami banza" na ga ta fi dacewa da kumburi.

Baba Mai Carbi: 'Yata, na ƙaru ƙwarai. Sai dai karin magana ana auna ta da inda ake faɗinta. Ban taɓa jin an ce "jiki magayi" ana yabon jiki ba, kullum da jan kunne take tafe.

Malamar Asibiti: Na yarda, Baba, jan kunnen na nan. Ɗan Kafinta, ka wanke wurin da sabulu. In kumburin ya haura hannu, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta fito a hammata, kada ka kwana ba ka je asibiti ba. Yaushe rabonka da allurar tetanus?