Shawarwarin masu haɗa kwamfutar wasa kan zaɓen kaya da sanyaya su

A wata tattaunawa kan kayan da za a zaɓa da yadda za a sanyaya su, bakin masu haɗa kwamfutar wasa ya zo ɗaya kan cewa katin hoto, wato GPU, shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin, domin shi ke ɗauke da nauyin yawancin wasanni. RAM kuwa, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, 16GB ta wadatar, amma a sa guda biyu masu 8GB, sun fi guda ɗaya gudu. An ja kunne kan na'urar rarraba wuta mai arha, don in ta ƙone takan tafi da sauran kayan.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar zafi. CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in ya kai digiri 95 zuwa 100, da kansa yake rage gudu, sai wasa ya fara sarƙewa. Fankokin gaban akwatin kwamfutar su shigo da iska, na baya da na sama su fitar. Man da ake sa wa CPU don ya miƙa zafinsa ga abin sanyaya shi, ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Wasu sun dage kan sanyaya da ruwa, ni dai ina bayan masu cewa babbar fanka mai kyau ta ishi yawancin mutane, kuma ba ta da famfon da zai mutu irin na mai sanyaya da ruwa. Ƙura ma a riƙa hure ta duk bayan 'yan watanni, a danne fankar da yatsa kada ta juya.