Neman shawara: zagayen kwazazzaban Yuta da Arizona da motar kwana

Baban Zahra: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hajiyarmu za ta zo mana daga Kano, ina so kafin ta koma in kai ta ita da yara su ga duwatsun jihohin Yuta da Arizona a nan Amurka. Niyyata in ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, RV, daga Las Vegas, mu bi gandayen yawon buɗe ido na gwamnati, wato Zion, Bryce, Capitol Reef, Arches, Canyonlands, mu rufe da Grand Canyon. Mu shida ne, kwana 7 gare ni, cikin Yuli. Waɗanda suka taɓa yi, a taimaka mana.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo Hajiya lafiya. Amma Baban Zahra, gandu shida a kwana 7 da dattijuwa, ai a kan kwalta hutun zai ƙare. Mu mun yi kwana 10, uku kawai muka gani, kuma ba mu ƙoshi ba. Ka ajiye Arches da Canyonlands, suna can gabas wajen garin Moab, tafiyarsu daban ce. Ka riƙe Zion da Bryce da Grand Canyon. Sannan Yuli ba lokacinsu ba ne. Zafin Zion a watan nan yakan wuce maki 38 a ma'aunin Celsius, kuma duwatsun suna riƙe shi har bayan magariba.

Baban Zahra: Hajiya fa 'yar Kano ce, ta saba da rana.

Maman Hanif: Ta saba da ita a inuwar gida, ga randa kusa. Can tafiyar ƙafa ce, iskar kuma busasshiya, gumi yana bushewa kafin mutum ya san ya yi shi. Ma'aikatan gandun galan ɗaya suke cewa kowane mutum ya sha a yini.

Malam Idi Direba: Ni maganar mota zan yi, tunda shekarata 12 ina jan tirela a hanyoyin nan. Tsakanin Zion da Bryce akwai ramin da aka fasa cikin dutse tun 1930, tsawonsa mil 1.1, an yi shi ne daidai motocin wancan zamanin. Duk motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, har da madubai, ko tsayinta ya kai ƙafa 11 da inci 4, ba ta iya tsayawa a hannunta a cikinsa. A da sai ka biya dala 15 a tsayar da masu tahowa ka bi ta tsakiya. Hukumar gandun ta sanar cewa daga tsakiyar 2026 manyan motoci ba za su riƙa bin hanyar ba ma sam. Kusan duk RV ta haya ta wuce wannan faɗin. Don haka cire ramin daga lissafinka. Daga Springdale, garin da ke bakin ƙofar Zion, ka koma babbar hanya ta 15, ka yi arewa, ka shiga ta 20, ka gangaro ta 89 zuwa ta 12. Kada taswirar waya ta ruɗe ka ka bi ta 14 daga Cedar City, hawa ce mai tsanani da kwana-kwana. In za ka gangara dutse ka sa ƙaramin giya, kada ka dogara da birki, zai yi zafi ya daina kamawa. Kuma kada ka ɗauki wadda ta wuce ƙafa 30. Sansanin Mather na Grand Canyon, inda ake kwana da mota, iyakarsa ke nan. Ka ƙirga kujeru masu bel ma, su cika shida.

Anti Rabi: Gaskiya Malam Idi ya faɗa. Daɗin Zion shi ne ba ka buƙatar motar in ka isa. Daga Maris zuwa Nuwamba bas ɗin gandun ke shiga da mutane cikin kwarin, kyauta. Ka samu wuri a sansanin Watchman, yana bakin ƙofa, wasu gurabensa da lantarki. Ana buɗe kamun wuri wata 6 kafin ranar a shafin intanet na Recreation.gov, kuma nan da nan suke cika. Hajiya za ta iya Riverside Walk, shimfiɗaɗɗiya ce a gefen kogin Virgin, ga inuwa. Surukata ta yi ta da sandarta, tana tafe tana tasbihi, don bangon dutsen ja ne wur, ka ɗaga kai har ɗankwali ya zame ba ka ga ƙarshensa ba.

Ɗan Agadas: Ina roƙon a saurare ni a kan abu ɗaya. A ƙarshen hanyar da Anti ta faɗa ake shiga Narrows, inda ake tafiya cikin ruwan kogin tsakanin bango biyu. Yara za su nace sai sun shiga. Mu mutanen Ayar mun san halin busasshiyar ƙorama: sama garau a kanka, ruwa ya sauka can bayan duwatsu inda ba ka gani, sai ka ji ƙugi, kafin ka juya ya iso da itace da duwatsu. Haka ƙasar nan take, dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zubo matsatsin yake nufa. Daminarsu daga Yuli ce zuwa tsakiyar Satumba, daidai lokacin da ka zaɓa. A Agustan 1997 ruwa ya ci mutum 11 a matsatsin Antelope Canyon da ke Arizona, ruwan kuma nesa da su aka yi shi. A Satumban 2015 mutum 7 suka rasu a matsatsin Keyhole, cikin Zion ɗin. Kowace safiya ana kafa hasashen ambaliya a ofishin baƙi. Ka karanta da idonka. In ruwan kogi ya fara juyewa launin ƙasa, ku hau tudu, kada ku tsaya ɗaukar kaya. Motar ma kada ka kwana da ita a cikin kwari don ka ga yashi mai laushi.

Baban Zahra: Innalillahi. Wallahi ban san wannan ba, Allah Ya saka da alheri. Hajiya tana nan har Nuwamba, kuma yara na da hutu a Oktoba. Zan iya mayar da ita can.

Maman Hanif: Ka ga an gyara. Sai dai a Oktoba sanyin Bryce za ka yi wa shiri. Wurin ya haura ƙafa 8,000, Rainbow Point ma 9,115 ne, da dare ruwa yakan daskare. Sansanonin cikin gandun ba su da lantarki, sai na wajen ƙofa irin na Ruby's Inn. A cika gas ɗin ɗumama mota tun daga gari. Numfashi ma yakan yi nauyi a wannan tsayin, kada Hajiya ta gangara ƙasa, dawowar ce wahala. Daga Sunrise Point zuwa Sunset Point hanya ce a miƙe a bakin kwarin, ta ishe ta. Ku fito bayan asuba, lokacin da rana ke taɓa tsirarrun duwatsun nan da suke tsaye jere kamar jama'a a filin idi. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da Grand Canyon.

Malam Idi Direba: A nan kam ban bi ki ba, Maman Hanif. Kwari mai zurfin kusan mil guda, tsawon mil 277, ba a haɗa shi da komai. Ɓangaren kudu za ka nufa, Baban Zahra. Na arewa gobarar daji ta cinye babban masaukinsa a Yulin 2025. A kudu sansanin Trailer Village ke da ruwa da lantarki da wurin juye tanki.

Anti Rabi: Tunda an zo kan tanki, bari in faɗi abin da masu haya ba sa bayani sosai. Tanki uku ne: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke, da na banɗaki. Mu da muke alwala sau biyar da tsarki da ruwa, tankinmu yana ƙarewa da wuri fiye da yadda suka lissafa. Ku tafi da butoci da jarkoki biyu, a yi alwala a waje, sai na wanke-wanken ya daɗe bai cika ba. Ranar mayar da mota a juye komai tukuna. Kamfanin da muka yi haya da shi ya caje mu kuɗin juyewa, ya ƙara da kuɗin kowane mil da na awannin janareto, abin ya ɓata mini rai ƙwarai, don ba a nuna mana a fili ba. Ka sa su rubuta maka jimilla kafin ka sa hannu. Nama kuma a Las Vegas za ka saya, akwai shagunan halal, bayan nan da wuya ka samu. Na soya nawa, na yi miyar taushe na daskarar, na ɗauki garin tuwo da yaji da dambun nama. Murhun ƙarami ne, babbar tukunya ba ta zama.

Ustaz Bello: Ƙarin bayani kaɗan. Alƙibla a yankin arewa maso gabas take, ta fi karkata arewa, kuma wurare da yawa babu sabis, a sauke jadawalin salla da taswira tun daga gida. A kula da agogo: Arizona ba ta canza lokaci da bazara, Yuta tana canzawa, ƙasar ƙabilar Navajo da ke cikin Arizona ita ma tana canzawa. A Oktoba awa guda ce tsakanin Zion da Grand Canyon. In za ku tsaya Antelope Canyon kusa da garin Page, sai da ɗan jagora ɗan ƙabilar Navajo ake shiga, ku tambaye su agogon da suke aiki da shi.

Ɗan Agadas: Kada a manta katin shekara na shiga gandayen, America the Beautiful, dala 80 ga mazaunin Amurka, yana ɗaukar mota ɗaya da mutanen cikinta. Daga Janairun 2026 baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, in babu katin shekara, ana ƙara masa dala 100 a gandaye 11, kuma duka ukun nan suna ciki. Saboda Hajiya ka saye shi tun kafin ku isa ƙofa.

Baban Zahra: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga yadda na tsara: kwana 2 Zion, 2 Bryce, 2 Grand Canyon, na bakwai komawa. Anti, in ban samu Watchman ba fa?

Anti Rabi: Ka riƙa leƙawa safe da yamma, mutane suna fasawa, mu ma haka muka samu. In ya gagara, akwai sansanonin 'yan kasuwa a Springdale da Virgin, sun fi tsada amma da ruwa da wuta. Ka fara kama na Trailer Village yau, shi ya fi saurin cika, sai ka jera sauran ranakun a kansa.